Kafin Goma

Ƙarfe uku na rana, Oulu har ta kunna fitilu.
Teku ya daskare zuwa bakin gaɓa,
ni kuwa ina hawa na huɗu, gahawa ta huce,
ina kiwon wata 'yar manhaja
da na rubuta da hannuna, layi ɗari tara.

Ba ta da jiki. An ba ta masauki a gindin eriya,
cikin akwatin ƙarfe, can tashar jiragen ruwa,
don umarnin da ya taso daga nesa a gajiye yake isowa.
An ɗauki sakan ɗaya an yanka shi dubu,
aka ƙirga mata goma, aka ce rabonki ke nan.
A ciki za ki ji, ki auna, ki yanke hukunci.
In kin haura, kin makara.

A da gidan nan ƙofa ɗaya gare shi,
makullin na aljihun kamfani ɗaya.
Yanzu an buɗe.
Eriya daga gabas, ƙwaƙwalwa daga kudu,
kowa da inda aka ƙera shi, amma harshe guda aka koya musu,
har ni Onerva, da ba kowa ba,
na sami tagar zura hannu.

Aikinta kara.
In jirgin fasa ƙanƙara ya doso,
radarsa na sharar sama kamar tsintsiya,
ita ke fara jin raɗar rada.
Sai ta kwashe muryoyin mutane daga wannan hanya
ta mai da su wata, a hankali,
mai hira da matarsa bai san an ɗaga shi ba,
injin ɗaga kwantena ko gezau.

Jiya aka yi rigima.
Tuukka na da tasa manhajar, mai tsimin lantarki,
tana bin eriyoyi tana kashe duk wadda ta ga ba kowa.
Tawa ta nufi ɗaki da baƙinta,
tasa ta riga ta, ta kashe fitila.
Tawa ta kunna, tasa ta kashe,
sau dubu huɗu kafin in ajiye cokali,
kuma kowacce da gaskiyarta.
Muka tsaya gaban allo har dare, ni da shi,
muna rubuta wa zai fara wucewa in an haɗu a ƙofa.
Ya ce kuɗin wuta. Na ce jirgi.
Jirgi ya ci.
Ya ɗauki hularsa, ko sallama.

Yau ga lambobi na sauka:
bakwai, shida, bakwai, takwas.
Ba ta taɓa kai goma ba.

Wayata kuwa na kife kan tebur.
Saƙon babana ne daga Hailuoto, yau kwana goma sha tara:
"An buɗe hanyar kan ƙanƙara. Mota na wucewa. Za ki zo?"
Ya hau eriya, ya bi igiya, ya ƙetare ruwa,
ba wanda ya riƙe shi ko na ƙiftawar ido,
sai da ya iso hannuna
ya tsaya.

Na san jinkiri, da shi nake cin abinci.
Na san maɓoyarsa: nisa, dogon layi, jiran izini.
Ina iya binsa har rami in auna wutsiyarsa.
Wannan dai ban sami ma'auninsa ba.

Can waje jirgin ya juya hanci,
ƙanƙara na darewa a gabansa, baƙin ruwa na biye.
Lamba ta motsa. Shida.
Ta ba shi hanya, ba wanda ya gode mata.

Na birkita wayar.
Na rubuta: Asabar.
Babban yatsana na sama da madanni,
ina ƙirgawa a zuci,
na wuce goma tuni.